Waƙar Kwalbar Malam

Duk wanda ya yi ko wata guda a sashen kimiyyar nan ya san akwai wasu miji da mata da ba a taɓa jin kansu a kan dangi ko tarbiyyar yara ba, amma sun kwashe rabin zaman aurensu suna sa-in-sa a kan kwalba.

Ɗakin gwajin mijin yana ƙasan bene, can ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru. Ofishin matar yana sama, daidai saitin kansa, har takan ce in ya ba ta haushi ba sai ta sauka ba, ƙafa kawai za ta buga. Ɗalibai suna kiransa Mai Kwalba a bayan idonsa. Matar kuwa Malam take ce masa, sai in ranta ya ɓaci ta ari sunan ɗaliban. Shi kuwa tun ranar da ta gama digirinta na uku bai sake kiranta da wani suna ba sai Dakta, a gida da waje, a gaban baƙi da gaban 'ya'ya.

Kwalbar da ake ta magana a kai bututun gilashi ne mai tsawon hannu, da ƙarfe a kowane baki. Famfo yakan zuƙe iskar cikinsa, a saka masa ɗan gas kaɗan, sannan a ba shi wuta mai ƙarfi. Sai gas ɗin ya kama haske, wani launi tsakanin ja da shuɗi. Wannan gas mai haske shi masana suke kira filasma, kuma ɗan'uwa ne ga abin da ke cikin dogon ƙwan lantarkin ofis. Malam ba ya son a faɗi haka a gabansa, yana ganin raini ne.

Tun yana matashin malami ya lura cewa in ya rage wutar zuwa wani wuri, hasken da ido yake gani a tsaye cak ba a tsaye yake ba. Zobe-zobe ne suke gudu daga wannan baki zuwa wancan, da saurin da ido ba ya kamawa. Sai ya manna wani ɗan idon lantarki a jikin gilashin, ya ja waya zuwa sifikar wata tsohuwar rediyo da ta rasa fuskarta. Duk zoben da ya wuce, sifikar ta motsa. Da haka kwalbar ta fara waƙa, wata siririyar murya irin ta butar shayi in ta kusa tafasa. Malam yakan ja kujera, ya rufe ido, ya saurara. Ɗalibin da ya shigo a lokacin sai ya tsaya a bakin ƙofa, don an san ba a katse shi.

Aikin Dakta kuwa shi ne ta gina wannan kwalbar a cikin kwamfuta. Ta yanka tsawonta gida-gida ƙanana. Ta zuba ɗige-ɗige, kowane ɗigo yana tsaye a madadin tarin elektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, da ba sa ƙirguwa. Ta sa lokaci ya riƙa tafiya taki-taki, kowane taki ya fi ƙiftawar ido gajarta nesa ba kusa ba. A kowane taki kwamfutar za ta lissafa ƙarfin wuta a kowane gida, ta tura ɗigon gaba, ta jefa ƙuri'a ko zai yi karo da ƙwayar gas ko zai wuce lafiya. Kwalbar Dakta ta kama haske yadda ya kamata. Ƙarfin wutarta ya yi daidai da na ƙasan bene, har manyan masana suka yaba a taro. Abu ɗaya ne ta ƙi yi: a wurin da ta Malam take waƙa, tata shiru take, sumul.

"Datti ne a kwalbarka," in ji Dakta. "Wata 'yar kafa ce iska take shiga."

"Kwamfutarki ce kurma," in ji Malam.

Haka suke yi a mota, haka a kan teburin cin abinci, har 'ya'yansu suka tashi suna iya ƙarasa wa kowannensu jimlarsa. Ba faɗa ba ne na gaske. In an bi ta tasu, hira ce, kuma da wani zai zo ya raba musu gardamar da sun haɗu sun kore shi.

Sai idon Malam ya fara tafiya. Da farko ya ɗora wa tabarau laifi, sannan ya ɗora wa masu buga littattafai da suka koma rubutu ƙanana. Auta, 'yarsu ta ƙarshe wadda take aikin jinya, ita ta tasa shi gaba zuwa wurin likita. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare. Aka yi magani, aka yi aiki, abin da ya rage masa shi ne ya bambance taga da bango. Ya ajiye koyarwa, amma bai ajiye makullin ɗakin gwaji ba, kuma babu wanda ya iya tambayarsa.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne shugaban sashe, tsohon ɗalibin Malam ne, mutumin kirki mai yawan share gumi. Wata safiya ya hau ofishin Dakta ya zauna a bakin kujera, ya tambayi lafiyar Malam sau biyu, ya yabi labulen tagarta. Daga ƙarshe dai ya fito da ita. An kawo sababbin na'urori, babu wurin sa su. Ƙarshen zangon karatun nan ana bukatar ɗakin ƙasa. Kwalbar za a naɗe ta da kyau a kai sito.

"Wallahi Dakta, na rasa yadda zan tunkare shi," ya ce.

"Shi ya sa ka tunkare ni."

"Ke ce dai kika san hannunsa."

Ta gaya wa Malam da yamma, suna zaune a falo, tana masa yankan farce. Ta shirya wa faɗa, har ta tanadi abin da za ta ce. Amma bai yi faɗa ba. Ya ce gaskiyar yaron ne, ɗaki ba na gado ba ne. Ta gama hannu ɗaya ta kama ɗayan.

"Dakta," ya ce, "zan tambaye ki abu, kada ki lallashe ni. A duk shekarun nan, kin taɓa yarda da waƙar nan? Ko sau ɗaya?"

Da wata ce da ta ce ta yarda, a wuce wurin. Amma Dakta mace ce da ba ta iya ƙarya a kan lissafi, ko ga mijinta, ko a ranar da ya fi bukatarta.

"Na yarda kana jin wani abu," ta ce. "Lissafi bai nuna mini gas ɗin ne yake yi ba."

"To," ya ce. "Na gode da gaskiya."

Ya miƙa mata sauran yatsun. Wannan "to" ɗin ya tsaya mata a rai. Ta san mijinta: ba ɗakin ne yake ci masa rai ba. Abin da yake tsoro shi ne a kai kwalbar sito, a rufe ƙofa, ya ƙarasa rayuwarsa a zaune yana tunanin ya yi shekarunsa yana sauraren datti. Kuma mutum ɗaya tak da zai iya cire masa wannan tunanin ita ce, ita ce kuma ta dasa masa shi.

Washegari ta ture duk wani aiki gefe. Ta fara da abin da ta yi imani da shi: ta zuba wa kwalbarta datti. Ta sa mata ɗan iskar waje, ta sa mata tururin ruwa, ta ƙara, ta rage. In datti ne yake waƙa, to tata ma ta yi. Kwalbar kwamfuta ta sauya ƙarfin wuta, ta dusashe, amma ba ta ce uffan ba. Wannan ya fara damunta, don yanzu ko nata zancen ba ta iya tabbatarwa. Ta sauya yadda elektron suke fita daga jikin ƙarfe, ta sauya yadda bangon gilashi yake haɗiye su. Mako ya bi mako, zango yana ta guntulewa, layin da ke kan allonta yana nan a miƙe kamar an ja shi da rula.

Malam kuwa zaman gida ya ishe shi. Ya gama rigima da rediyo, ya gama gyara wa mai karanta labarai lafazi. Sai Auta ta fara sauke shi a sashen da safe in za ta wuce asibiti. Ba ya sauka ƙasa shi kaɗai, saboda wutar ɗakin ba ta wasa ba ce, don haka ofishin Dakta yake zama, a kujerar baƙi, da sandarsa tsakanin gwiwoyi da kofin shayi a hannu.

"Me kike yi yanzu?" yakan tambaya.

"Aiki."

"Na ji ƙarar maɓallai. Wane aiki?"

Da yana gani, da ta juyo masa allon ya kalli zanen da aka gama, ya yi tsaki, a tashi. Haka suka saba. A duk zamansu abin da yake gani daga aikinta ke nan, zane gyararre mai tsabta, kamar yadda baƙo yake ganin falo ba ya ganin kicin. Yanzu babu zanen da za ta nuna masa. Dole ta riƙa faɗa da baki. Ta fara da ƙunƙuni, daga baya ta saba, har ta tarar tana jin daɗin abin. Ta ce ga shi ta zuba ɗigon. Ga shi ta ƙirga nawa suka faɗa kowane gida.

"Sai in yi musu guga," ta ce, "sannan in lissafa ƙarfin wutar."

"Ki yi musu me?"

"Guga."

Malam ya ajiye kofinsa a hankali, yana lalubo gefen tebur. "Dakta, na san kina goge zanin gado. Na san kina goge hankicina, har safa na taɓa kama ki kina gogewa. Ban san har elektron ba su tsira ba."

Ta yi dariya ba ta so, sannan ta yi masa bayani. Ɗigon da take zubawa ba su kai yawan na gaske ba, don haka ƙirgar kowane gida takan yi rawa, yanzu ta hau, anjima ta sauka, ba don wani dalili ba sai ƙarancinsu. Kowa a wannan sana'a ya san da haka. A farkon aikinta, lokacin da kwamfutar sashen ba ta da ƙarfin kirki, rawar takan yi yawa har lissafin ya watse gaba ɗaya. Sai ta rubuta wani ɗan sashe a cikin lissafin da yake daidaita kowane gida da maƙwabtansa, da kuma abin da ya nuna a takun baya. Lissafin ya natsu. Tun daga lokacin ɗan sashen yake nan a ƙasa, an sauya kwamfuta sau da yawa, an gina abubuwa a kansa, ba ta ma ƙara tuna cewa ita ta sa shi ba.

"Wace irin rawa ce kike gogewa?" ya tambaya.

"Rawa dai. Hayaniya."

"Kin taɓa saurarenta?"

"Ba a sauraren lambobi, Malam."

"Ni dai ba na gani. In kina so in san abin da kike zubarwa, sai ki sa mini a kunne."

Ranta ya ɓaci, kuma ya ɓaci sosai. Wato yanzu Mai Kwalba ne zai koya mata nata aikin? Ta ce masa wannan abu yana cikin kowane littafi. Ya ce bai musa ba, shi roƙo yake. Ta ce ɓata lokaci ne. Ya ce ai shi lokaci ne kaɗai ya rage masa da yawa. Daga nan maɓallan suka sha bugu fiye da laifinsu.

Ta cire gugar, ta bar lissafin ya yi tafiya yadda ya ga dama. Sabuwar kwamfutar ta riƙe, bai watse ba. Bayan azahar ta ɗauki hasken gida ɗaya daga tsakiyar kwalbarta, daidai inda ɗan idon Malam yake manne a tasa, ta mai da hawa da saukarsa sauti. Guntu ne ƙwarai, sai da ta sa shi ya riƙa maimaita kansa. Ta kunna.

Abin da ya fito shuuu ne kawai, irin na ruwan sama a kan kwano.

"Ka ji," ta ce. "Hayaniya."

Malam ya ɗaga mata hannu. Ya rufe idon da ba ya gani da shi, don sabo. Ya karkata kai. Can sai ya fara wani ɗan gunji a maƙogwaro, siriri, yana nema, yana hawa yana sauka, har ya tsaya a wuri ɗaya.

"Akwai abu a ƙarƙashi," ya ce. "Tana nan, Dakta. An danne ta ne."

Ita ma kamar ta ji. Amma ta san kunne, ta kuma san zuciya. Mutumin da ya yi shekaru yana jin murya ɗaya zai ji ta ko a cikin ƙarar fanka. Kuma lissafin da aka cire wa guga yana iya ƙirƙiro tasa waƙar ta ƙarya, wadda girman gidaje ko tsawon taki ya haifa, ba gas ba. Ta taɓa ganin masana sun yi murna da irin wannan, daga baya suka sha kunya.

"Kada ka sa rai," ta ce. "Sai na gwada ta. Zan ninka ɗigon. In hayaniya ce, za ta ragu tare da sauran. Zan ƙanƙanta gidajen, in gajarta takin. In muryar ta gusa ko kaɗan, to ta kwamfuta ce, ba taka ba."

"In kuma ba ta gusa ba?"

"Sai mu gani."

"Ke dai ba kya ba mutum ko ɗan alewa."

Gwajin ya ci kwanaki, don kwamfuta in an ninka mata ɗigo sai ta koma tafiyar tsohuwa. Dakta ta hana shi tambaya, shi kuma ya yi biyayya irin tasa: ba ya tambaya, sai dai ya riƙa gunjin nan a banɗaki, a mota, a kan abinci. Auta ta ja uwarta kicin ta ce, "Mama, in abin nan bai fito ba fa? Kin ga yadda ya farfaɗo." Dakta ta ce ta gani. Abin da ya hana ta sakewa ke nan. Da ta bar shi da "to" ɗinsa, da ciwo ɗaya ne. Yanzu in ta dawo masa da babu, ta kayar da shi sau biyu.

Sakamakon ƙarshe ya fito ana gobe masu kwashe kaya za su zo. Ta zauna ita kaɗai a ofis da rana tsaka, ta sa abin ji a kunne. Shuuu ɗin ya ja baya sosai. A gabansa, tsaye, ga siririyar murya. Ta buɗe na ƙananan gidaje, muryar tana wurinta. Ta buɗe na gajeren taki, ba ta gusa ba. Ta zana hoton, sai ga zobe-zobe suna bin juna daga baki zuwa baki. Ta daɗe tana kallonsu. Ashe duk shekarun nan suna ƙoƙarin tashi, ita kuma tana bi tana danne su tun suna jarirai, da hannunta, saboda ba ta son ganin yamutsa.

Ta tashi za ta kira shi, har ta ɗauki waya, sai ta ajiye. Lamba ta yi daidai da lamba, wannan ta sani. Amma Malam ba da lamba ya san kwalbarsa ba. In ta ce masa ga ta, zai ce ya ji, ko don ya faranta mata, ko don yana so ya ji. Ita kuma ba za ta taɓa sanin gaskiya ba, shi ma haka.

Da safe ta ce masa su je ya yi sallama da kwalbarsa kafin a zo. Ya tambayi gwajin, ta ce ya bari tukuna. Ya ɗauka amsar ke nan. Ya sa rigarsa mai kyau, wadda ta goge masa.

Ɗakin ƙasa yana warin man famfo da tsohuwar roba. An riga an jera kwalaye a bakin ƙofa. Ta ja baƙin labule, ta zaunar da shi a kujerarsa da ta lotsa daidai jikinsa. Shi ya riƙa ba da umarni, ita tana aikatawa, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidansu. Famfo ya fara bugawa. Ta buɗe gas kaɗan, ta murɗa wuta. Kwalbar ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta kama.

"Ta kama?" ya tambaya.

"Ta kama."

"Wane launi?"

Ta buɗe baki za ta faɗi launin da lamba yadda masana suke auna shi, sai ta fasa. Ta duba da kyau. "Ja-ja ne a tsakiya," ta ce, "gefen yana komawa shuɗi. Kusa da ƙarfen hagu akwai ɗan duhu, sannan wani haske mai laushi ya lulluɓe ƙarfen. Tana da kyau, Malam."

"Yau kika sani."

Ya sa ta rage wutar sannu-sannu. Tsohuwar rediyon ta yi kakari, sannan muryar ta fito, siririya, tsayayya. Malam ya jingina, ya rufe ido. Fuskarsa ta saki. Dakta ta tsaya tana kallonsa, tausayi da so suka cika ta har ta ji haushin kanta.

Ƙaramar kwamfutarta tana kan benci, ta riga ta ja waya daga jikinta tun jiya. In ya buɗe ido ya ce me ya faru, shi ke nan, ta sani. Ta jira famfo ya yi bugunsa mai ƙarfi, a cikin bugun ta zare wayar ɗan idon daga rediyo ta soka tata. Da ɗaya hannun ta murɗe wutar kwalbar har ƙasa. Hasken ya mutu. Ɗakin ya koma duhu, sai ɗan hasken allonta.

Waƙar ta ci gaba.

Malam bai motsa ba. Yatsansa yana bugun gwiwa a hankali. Ta ƙirga numfashinta, ta rasa lissafi, ita da ba ta rasa lissafi.

"Kin ji ta ko?" ya ce, idonsa a rufe. "Saurara da kyau, Dakta, yau ce rana ta ƙarshe. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, wannan muryar datti ce? Datti yana tsayawa wuri ɗaya haka?"

"A'a," ta ce. "Ba datti ba ne."

"Kada ki lallashe ni."

"Malam, kawo hannunka."

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan gilashin. Ya san ɗumin kwalbarsa in tana ci, ya san kuma yadda take in ta fara hucewa. Ya shafa ta daga tsakiya zuwa baki. Ya buɗe ido, ya juya fuska inda haske ya kamata ya kasance, bai sami ko alamarsa ba.

"A kashe take," ya ce.

"Tun ɗazu."

"To wa yake…"

"Tawa ce. Na ninka ɗigon, na ƙanƙanta gidajen, na gajarta takin. Ba ta gusa ba. Babu datti a cikinta ko ƙwaya ɗaya, gas ne zalla. Gaskiyarka ce, Malam. Tun farko gaskiyarka ce. Na yarda."

Hannunsa ɗaya yana kan gilashin da ke hucewa, ɗayan ya riƙe nata ya matse har ta ji zafi. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba, ita ma ba ta share nata ba. Rediyon da ba ta da fuska tana ta waƙarta a tsakaninsu.

Can ya gyara murya. "Na dai ji ta ɗan yi sama kaɗan," ya ce. "Na yi shiru ne don kada in kunyata ki."

"Ƙarya kake, Mai Kwalba."

"Kaɗan dai. Sai an duba matsin gas ɗinki."

"Nawa matsin daidai yake. Ma'auninka ne ya tsufa."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shugaban sashe ne da masu kwashe kaya, yana ta share gumi, ya shirya jawabin ban haƙuri tun daga bene. Ya tarar da su a cikin duhu, hannu cikin hannu, suna gardama a kan ma'auni. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba yi yana ɗalibi.

"Shigo, shigo," in ji Malam. "Ku ɗauke ta, amma a hankali, ku tallafi tsakiyar. Rediyon kuma ku bar mini, da ita za mu tafi."

Dakta ta naɗe wayoyi, ta rufe kwamfutar ta sa a jaka, ta miƙa masa rediyon ya rungume a ƙirji. Ta ba shi sandarsa, ya ƙi karɓa, ya kama gwiwar hannunta. Sun kai tsakiyar baranda ya tsaya.

"Dakta, in mun je gida za ki sake kunna mini?"

"Duk lokacin da kake so."

"Da shuuu ɗin da ya rage a ƙarƙashi fa. Ki bar shi yadda yake."

"Na ji."

"Kada ki goge mini ita."

"Na ce na ji, Malam," ta ce, ta gyara masa wuyan riga da ya karkace, suka ci gaba da tafiya.